Wane ne baƙo a Ushafa?

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, maganar 'yan Nijar ta yi yawa a majalisunmu. Wasu na cewa gara gwamnati ta tsananta, ta kwashe duk marar takarda, wai su suka karya kuɗin aiki: ɗan Maraɗi zai yi gadi ko turin ruwa a kan abin da ɗan gida ba zai karɓa ba.

Ban ce ƙorafin banza ne ba. Hukuma na da hakkin sanin mai shigowa ƙasarta, balle a wannan zamani na 'yan bindiga. Shari'a ma ta san aman: baƙo ya shigo da izini, ya kiyaye doka, a tsare masa jini da dukiya. Amma fa rajista daban, kora daban.

An gwada korar, jama'a. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su tattara, Yarabawa da Hausawan zango suka baro rumfuna da gidaje a Kumasi da Ankara. A Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta yi irin haka, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka fita. Jakar nan da muke zuba kaya har yau sunan wannan kora take ɗauke da shi. To, tattalin arziki ya gyaru? Kafin shekarar ta ƙare sojoji sun kifar da gwamnatin, talauci kuwa yana nan inda yake.

A matsayina na ɗan kasuwa, ga inda na ga gizo ke saƙa. Ba zuwan baƙo ne kaɗai ke karya kuɗin aiki ba, har da tsoronsa. Wanda ke fargabar jami'an shige da fice ba ya iya taya aikinsa, ba ya kai ƙara in an hana shi hakkinsa. Wa ya ci riba? Mai gidan da ya ɗauke shi aiki. Da takardar zama na samuwa da sauƙi, ba cuku-cuku, da shi ma ya ce albarka, ɗan gida ya samu sararin ciniki.

Sannan mu kanmu fa? Ushafa ƙasar Gbagyi ce. Mun zo mun tarar da su da gonakinsu da tukwanensu, suka ba mu wurin zama da filin masallaci. In yaronka ya nemi takardar shaidar asali, Katsina ko Zariya za a tura shi, ba Bwari ba. Hujjar da muke kafawa a kan ɗan Damagaram, Bagwari zai iya ɗaukarta yadda take ya kafa mana gobe, kuma ban san amsar da za mu ba shi ba.

ECOWAS dai ta ce a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku suna zirga-zirga har sai an sake shawara. Kafin nan, duk mai yaron shago ko mai gadi ɗan Nijar ya duba abin da yake biyansa a wata.