Dutsen da Tsagewar Ƙasa Ta Ɗaga

Da asubar nan dutsen Ruwenzori ne ya faɗo mini a rai. Yana kan iyakar Yuganda da Kwango, ƙololuwarsa ta kai mita 5,109. Ba aman wuta ne ya tara shi ba kamar Kilimanjaro. Ƙasa ce ta yi ta buɗewa har ta tsage, gefe ya nutse ya zama kwarin da tafkunan Albert da Edward ke kwance a ciki, shi kuwa wannan tsohon dutse da ke tsakanin tsagogin aka turo shi sama. Tsagewar da ta saukar da wancan ita ce ta ɗaga wannan.

Haka gidanmu ya tsage shekarar da Baba ya rasu. Kuɗin makaranta na mutum ɗaya ne, aka ce ni. Ƙanena ya ɗauki fartanyar Baba. Har yau in muka gaisa sai in ji kantar hannunsa a tafina kamar ɓawon itace. Na daɗe ina gaya wa kaina ƙoƙarina ne ya kawo ni inda nake. Allah ya gafarta mini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da dutsen yake yi da tsayinsa. Kusan kullum yana tare gajimare, har baƙo ya yi kwanaki a gindinsa bai ga kansa ba. Ga ƙanƙara a samansa, alhali yana dab da layin da ya raba duniya biyu, inda zafi yake. Ruwan kuwa ƙasa yake gangarowa: ya ratsa gonakin ayaba da kofi na mutanen Bakonzo, ya shiga kogin Semliki, ya zuba a tafkin Albert, daga nan Nilu ya ɗauke shi har Sudan da Masar. Manomin da ke ban ruwa can bai taɓa ganin Ruwenzori ba.

Ya Ubangiji, kai ne mai ɗagawa, kai ne mai saukarwa. Abin da ka zubo a kaina, kada ka bari ya daskare a wurina. Damina ta kusa, ƙanena bai yi mini maganar taki ba, kuma na san ba zai roƙa ba. Ka ba ni bakin da zan kira shi yau ba tare da na sa shi sunkuyar da kai ba. Amin.