Gidanku Makaranta Ne: Gargaɗi ga Iyaye Masu Bi

Ya kai ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, ku da kuka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, da ku da ku ke kan bincike tukuna, wannan takarda dominku ce, in Allah ya ba ku 'ya'ya, nauyin koya musu karatu kuwa ya faɗo a wuyanku. Waɗansunku makaranta ta yi musu nisa. Waɗansu ɗansu ba shi da lafiyar da za ya yi tafiya kowace safiya. Waɗansu kuma tsoro ne ya tsare su, gama ba a manta da 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a 2014 ba, ko yara fiye da ɗari da aka kwashe daga wata makarantar Baftis kusa da Kaduna a 2021. A 2020 ma annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ko mene ne dalilinku, yaro ba ya daina girma domin an rufe ƙofar makaranta. In ba ku koya masa ba, titi za ya koya masa, abin da titi ke koyarwa kuwa kun san shi.

I. Allah ne ya ba ku wannan aiki

Kada ku yi tsammani baƙon abu ne kuka ɗauka. A cikin Kubawar Shari'a, sura 6, Musa ya umarci iyaye cikin Isra'ila su fara sa maganar Ubangiji a zuciyarsu, sa'an nan su riƙa maimaita ta ga 'ya'yansu a zaune da a tafe, da dare da safe. Ku lura da wanda aka ba umarnin. Uba da uwa aka ba, tun kafin a yi zancen malami.

Ku tuna da Timoti. Ubansa Bahelene ne, uwarsa Afiniki Bayahudiya ce mai bi, sunan kakarsa kuwa Loyis. Manzo Bulus ya shaida a wasiƙarsa ta biyu zuwa gare shi cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama cikin matan nan biyu, kuma tun yana jariri ya san Littattafai Masu Tsarki. Ke da mijinki bai bi ba tukuna, ki ƙarfafa. Gidan Afiniki ma ba a kan abu ɗaya aka taru ba, duk da haka daga cikinsa aka sami abokin aikin manzo.

Ku tuna kuma da Eli firist, a littafin Sama'ila na fari. Ya ji labarin muguntar 'ya'yansa, Hofni da Finehas, ya yi musu magana, amma bai hana su ba. A rana ɗaya su biyu suka mutu, shi ma ya faɗi ya mutu da jin labarin abin da ya faru. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

II. Labarin wata uwa a Ingila

Akwai wata mace, Susanna Wesley, matar wani fasto a garin Epworth. Ta haifi 'ya'ya 19, da dama cikinsu suka rasu suna ƙanana. Gidan talauci ne, har aka taɓa ɗaure mijin saboda bashi. Ita ce ta koya wa 'ya'yanta karatu a gida, sa'a shida kowace rana, uku da safe, uku da yamma. Yaro ya cika shekara biyar, sai ta zauna da shi ya koyi haruffa, daga nan ya shiga sura ta fari ta Farawa. Ta sa doka cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Ta kuma keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su yi magana su biyu kaɗai.

A 1709 gidan ya ƙone, da ƙyar aka fitar da ɗanta John ta taga. Aka rarraba yaran gidajen mutane, suka komo da halaye da ba ta koya musu ba. Sai ta sāke farawa, ta sa manya su riƙa karanta wa ƙanana. John ɗin nan da ƙanensa Charles daga baya suka tafi makarantu, har jami'ar Oxford, ta wurinsu kuma aka kafa ikilisiyar Metodis, wadda ta ke a Nijeriya da Gana har wa yau. Ba lalle ne ku yi sa'a shida kamar ta ba, gama kuna da gona da kasuwa. Naciyarta za ku ɗauka.

III. Yadda za ku yi

Da fari, ku sa lokaci, ku tsare shi. Sa'a ɗaya kowace rana ta fi yini guda sau ɗaya a wata. Da damina ku zauna bayan an taso daga gona, da rani kuwa da sanyin safiya. Ku fara da gajeriyar addu'a.

Na biyu, ku fara da harshen da yaro ya ke ji. Hausa tana da sauƙin karatu, domin yawanci yadda a ke faɗa haka a ke rubutawa. Ku koya masa wasula biyar, a, e, i, o, u, sa'an nan ku haɗa su da baƙaƙe: ba, be, bi, bo, bu. Ku nuna masa bambancin b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. In ba takarda, ƙasa tana nan, da tsinke, da gawayi, da allo. Littafi Mai Tsarki dukansa yana cikin Hausa tun 1932. Labarin Yusufu da na Dawuda za su riƙe hankalin yaro. Sa'ad da ya iya karatu da harshensa, Turanci ko Faransanci za su zo masa da sauƙi.

Na uku, lissafi yana cikin gidanku. Ku ba shi wake ko gyaɗa ya ƙirga, ya raba kashi kashi. Ku aike shi sayen gishiri, ya faɗi canjin kafin a ba shi. Ku tambaye shi mudu nawa ke cikin buhu.

Na huɗu, kada ku bar 'ya'ya mata a bakin murhu, maza suna karatu. Yarinyar da ta iya karatu za ta karanta wa 'ya'yanta Maganar Allah, ta kuma karanta abin da aka rubuta a kwalbar magani.

Na biyar, ku yi haƙuri. Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa, sura 6, kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Yaron da a ke duka saboda ya mance harafi, tsoron littafi za ya koya. In zuciyarka ta ɓaci, rufe littafin, ka komo gobe. In ya yi daidai, ka yaba masa a gaban 'yan'uwansa.

IV. Amsa ga masu shakka

Wani za ya ce, ni kaina ban iya karatu ba. To, ka zauna a tabarma ɗaya da ɗanka, ku koya tare wurin wani mai bi da ya iya. Ba abin kunya ba ne. Akwai kuma abin da ba ya bukatar harafi: faɗin gaskiya, da cika alkawari, da girmama na gaba, da sana'ar hannunka. Yaro yana karanta halinka kafin ya karanta littafi. In ka koya masa kada ya yi ƙarya, sa'an nan ka aike shi ya ce wa mai bin bashi ba ka nan, ka shafe darasin da hannunka.

Wata za ta ce, aiki ya yi mini yawa, ni kaɗai ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗa gida uku ko huɗu, wannan ya ɗauki karatu, wancan lissafi. Ku gaya wa fasto da dattawan ikilisiya, su nemo muku littattafai da wanda za ya riƙa gwada yaran. Yara kuma suna bukatar 'yan'uwansu yara; kada ku kulle su.

Wani kuma za ya ce, ashe ba sai na sa ɗana makaranta ba. A'a, ɗan'uwa. A Nijeriya dokar 2004 ta wajabta wa iyaye su sa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, mai bi kuwa ba ya raina dokar ƙasa. In makaranta tana buɗe, hanya kuma da lafiya, ka kai shi, karatun gida ya zama tushe da taimako. In kuwa tilas ce ta tsare shi, ka sanar da shugaban makaranta mafi kusa, ka nemi sanin abin da a ke koya wa tsaransa, domin ran da hanya ta buɗe ya shiga ajin da ya dace da shi.

V. Kada ku gaji

Za a yi ranakun da za ku ga kamar kuna zuba ruwa a kwando. Dangi za su yi dariya, yaro za ya mance abin da ya sani jiya. Manomi ba ya tone iri kowace safiya ya ga ko ya tsiro. Yana noma, yana jiran Mai ba da ruwa. Ku ma ku yi naku, ku riƙa ambaton kowane yaro da sunansa a gaban Ubangiji, gama shi ya ba ku su amana, shi ne kuma za ya tambaye ku.

Yau da yamma, kafin a ci tuwo, ka shimfiɗa tabarma, ka kira 'ya'yanka, ka rubuta harafin fari a ƙasa. Allah na salama ya ba ku haƙuri da hikima, ya tsare 'ya'yanku daga mugunta, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.