Raini, Da Yarinyar Da Ta Rage Ƙasa Da Sakan Ɗaya

Akwai wata tambaya da ke yawo a majalisunmu duk lokacin da aka ce wani ya yi ƙoƙari: "To me ya ciwo?" Da jin ta za ka ɗauka neman sani ne, alhali raini ne tsagwaronsa. Mai yin ta ya riga ya yanke hukunci, abin da bai zo da kofi ko kuɗi ba shirme ne.

A watan Yulin 2021, a gasar Olamfik ta Tokyo, wata 'yar Najeriya mai shekara 17, Abiola Ogunbanwo, ta shiga tseren ninƙaya na mita 100. Ta gama a sakan 59.74. Ba ta kai zagaye na gaba ba. Emma McKeon ta Ostireliya, wadda ta lashe zinare, ta yi nata a 51.96, tazarar kusan sakan takwas ke nan, kuma a wannan wasa tazara ce mai yawan gaske. Mai raini a nan zai tsaya, ya taɓe baki. Abin da ba zai tambaya ba shi ne, kafin ranar nan babu wata mace 'yar Najeriya da ta taɓa gama wannan tsere a ƙasa da minti ɗaya. Bajintar 'yar Najeriya Ngozi Monu ta minti ɗaya da rabin sakan tana nan tun 2007, shekara 14 ba wadda ta ture ta.

Sai ka san yadda ake tseren kafin ka gane nauyin wannan ɗan guntun sakan da Abiola ta rage. 'Yar wasa na tsaye a kan dakali, ta duƙa, yatsunta na riƙe da bakinsa. Ana busa alama ta faɗa ruwa. Tsawon kwamin mita 50 ne, don haka in ta kai bango sai ta yi alkafura a cikin ruwa, ta tokare shi da ƙafa biyu, ta juyo. Ɗaga kai a sha iska ma lissafinsa ake, domin kowane numfashi na cin lokaci. A ƙarshe akwai allo jikin bango mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, in hannu ya taɓa shi a sanyaye an yi asara. Don a rage rabin sakan, sai a shekara ana sammakon atisaye, ido na kallon baƙin layin da ke ƙasan kwami, ba 'yan kallo, ba tafi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu gane wannan. 'Yar ƙasarsu Roukaya Mahamane ta yi tseren ninƙaya na mita 50 a Rio a 2016 da kuma Tokyo, ba ta kusanci lambar yabo ba, amma ita aka ba tutar ƙasa ta riƙe tare da ɗan wasansu Abdoul Razak Alfaga ranar buɗe gasar Tokyo.

Illar raini ba a kan Abiola take ba, ita ba ta ma san muna yi ba. A gida take. Yarinyar da ta fito daga wani ƙauye a Gwiwa ta iya karanta wasiƙa, a ce ai ba likita ta zama ba. Mai noman rani a bakin dam ɗin Kazaure ya ƙara kwando biyu na tumatir a kan na bara, a ce yaushe zai sayi mota. Da haka ake sare wa mutane gwiwa, kuma galibi mai sarewar ko tsinke bai taɓa ɗagawa ba.

Ita kanta ninƙayar mun raina ta. Mun bar ta a matsayin wasan yara maza, su tuɓe riga su rungumi jarka su yi ta fantsama, in an kama su a zane su. 'Ya mace kuwa ba a ma kawo zancen. To amma wa ke wanki a bakin ruwa? Wa ake lodawa a kwalekwale da goyo a baya in za a biki ko kasuwa? Duk damina sai mun ji labarin kifewar jirgi ko cin ruwa a Jigawa, kuma sau tari mata da yara ne a ciki. Kududdufan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini ma sun isa su cinye yaro. Ɗan hakin da ka raina dai shi ke tsone maka ido.

Na san za a ce kunya da sutura. Magana ce mai tushe, ban raina ta ba. Amma akwai kayan iyo masu rufe jiki ruf, kuma mace na iya koya wa mace a wurin da aka killace, ba sai namiji ya leƙa ba. Masunta da sarakunan ruwa sun san inda ke da zurfi da inda ke da laka, sai dai ba mai neman shawararsu.

Iyaye da shugabannin makarantu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, ba zinaren Olamfik nake roƙonku ba. Ku nemi hanyar da 'ya'yanku mata za su iya ninƙayar mita goma, daga inda ƙafa ta daina taɓa ƙasa zuwa gaɓa.