Aibin da Aka Saƙa da Gangan

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sayar da dardumar Iran a Jidda ko Dubai ya ji wannan labari. Dillali zai nuna maka wani fure da ya karkace, ko wani layi da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, ya ce masaƙin ne ya yi da gangan, wai don kada ya yi gasa da Mahalicci, tunda kamala ta Allah ce Shi kaɗai. Maganar tana da daɗin ji, har mukan kawo ta a wa'azi. To amma ya kamata mu juya ta mu ga bayanta, kamar yadda ake juya darduma a ƙirga ƙulli.

Saƙar Iran ba iri ɗaya ba ce. A birane irin su Tabriz, Kashan da Isfahan, mai zane ne yake fara fitar da adon a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli guda, masaƙa kuma su bi. Nan ake samun babban tambari a tsakiya, rassa da furanni na kewaye da shi. Akwai mai fasalin lambu, an raba ta huɗu da magudanan ruwa. Mafi shahara cikin na birni ita ce dardumar Ardabil, wadda ke ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, tana wani gidan tarihi a Landan tun 1893. Tsawonta ya haura mita 10, ƙullinta ya fi miliyan 20. A jikinta an saƙa fitilu biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma. Wasu sun ce aibin gangan ke nan, wasu suka ce dabara ce don wanda ya zauna a gefe guda ya gan su daidai.

Makiyaya kuwa, irin Ƙashƙai na yankin Fars, matansu ne ke saƙa a ƙasa, ba takarda, daga ka. Ulun tumakinsu ne, rinin kuma na saiwa da ɓawon rumman da baba, wannan dai baban da marinanmu suka sani. Idan zaren tukunya ɗaya ya ƙare aka ɗauko na wata, sai launin ya ɗan sauya a tsakiyar aiki. Ba wanda ya shirya haka. Iyakar hannun ɗan Adam ce ta bayyana da kanta, kuma masana sun fi son ta a haka.

A nan tambayarmu take. Mutumin da ya ce ya sa kuskure da gangan don kada aikinsa ya cika, me yake faɗa a zuciyarsa? Ai cewa yake da ya so da ya cika shi. Wannan kuwa ya fi kusa da girman kai, sai dai an yafa masa mayafin tawali'u. Wanda ya ɗaura ƙulli miliyan ba ya buƙatar ƙirƙiro kuskure, akwai shi a ciki ko bai gani ba. Mun san irin wannan a tsakaninmu: mai kuɗin da ke sa tsohuwar riga ranar Juma'a, yana satar kallo ya ga ko an lura. Ba mu ce kowane masaƙi haka yake ba. Wani yana yi ne don tuna wa kansa, kuma niyya tsakaninsa da Ubangijinsa take. Amma matar makiyayin nan da zarenta ya ƙare ta ci gaba da wanda ta samu, ba ta ce komai ba, mu dai ita muka fi yarda da ita.

Zamani ya ƙara wa abin wani salo. Yanzu akwai dardumomin da ake saƙa su kamar adon ya goge, akwai tsofaffin da ake aske gashinsu a wanke da magani su koɗe, sannan a sake rina su launi guda. Turawa na saye da tsada. Injin ma ya koyi kwaikwayon sauyin launin nan na makiyaya. Wannan duk ba laifi, muddin mai saye ya san abin da ya biya.

Laifin yana farawa ne a bakin mai shago. Mu da ke kasuwanci a garin da ba namu ba, da suna ɗaya ake kiranmu gaba ɗaya, idan ɗaya ya yi algus an ce Hausawa sun yi. Wanda ya karanta Risala ya san an hana ɓoye aibin kaya, kuma mai saye na da damar mayarwa idan ya gano. Annabi (SAW) da ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji lema a ƙasa, umarnin da ya bayar shi ne a ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Dillalin da ya nuna aibi amma ya kira shi ibada, ya ɗora jiƙaƙƙen a sama kuwa, sai dai ya ce turare ne, har ya ƙara kuɗi a kai. Haka wanda ya ɗauko kafet ɗin inji daga Turkiyya ya ce saƙar hannu ce ta Kashan.

Kwamitocin masallatai masu shirin sauya shimfiɗa kafin azumi, ku juya bayanta. Ta hannu ƙullinta ba ya zama sak, gezarta kuma zaren jikinta ne. Ta inji layukanta a miƙe suke kamar an ja da rula, gezar kuma sau da yawa ɗinka ta aka yi daga baya.