Amanar Mai Hatimi

A ce wani dattijo a Mabera, cikin Sakkwato, ya jinginar da filinsa saboda bashi. Bai iya karatu ba. Aka rubuta takarda, ya dangwala yatsa, mai shaida ya buga hatimi. Da shekara ta kewayo ya kawo kuɗin fansa, sai aka ce masa ai sayarwa aka rubuta. To, alhakin wa ya fi nauyi, na mai saye ko na mai hatimi?

Waɗansu sun ce mai hatimi ba shi da laifi, tun da abin da ya shaida shi ne yatsan na dattijon ne. Wannan magana ba ta isa ba. Mai saye kowa ya san riba yake nema. Mai hatimi kuwa an ajiye shi ne domin wanda ba ya iya tsare kansa. In ya ga cuta ya yi shiru, da shi aka yi ta.

Ayar da ta fi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da adalci take. Hukuma ma ba ta sake ba. Alƙalin Alƙalan Nijeriya shi ke naɗa lauyoyi masu shaidar takardu, bisa dokar 2023 wadda ta maye gurbin ta 1936, ana kuwa iya soke sunan maci amana.

Amma hukunci yakan zo ne bayan ɓarna. Saboda haka wanda ya koyi karatu, wajibi ne ya karanta kafin ya sa hannu, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.