Da Ku Nake, Ma'aikatan Bayan Makirfo

Ku da ba a ganin fuskarku a jikin fosta. Makaɗin da ke kwana gaban fiyano a wani ɗaki a Zoo Road, 'yar amshin da ake sallama da kuɗin mota, mai haɗa sauti da ke jiran a kawo wuta ko a sayo fetur a zuba wa janareta, mai tsara baiti wani ya rera ya yi suna, mai kalangun da ba a tuna shi sai ranar biki. Waƙar Hausa ta zamani a kan wuyanku take tafiya, kuma in za ta gyaru, a hannunku za ta gyaru.

Kada wani ya raina muku abin da kuka riga kuka yi. Ba gwamnati ce ta kafa wannan sana'a ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, waƙar fim ta taso ne da fiyanon Yamaha, da kaset, da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Kaset ya mutu, faifan CD ya bi shi, masu tura waƙa a waya suka kwashe cinikin, ku kuwa kuna nan daram. A 2020, mutane na kulle a gida saboda korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta shiga kowane lungu. Abin da kuka haɗa a ɗakin da bai fi shagon tela ba, yau ana taka shi a Maraɗi da Damagaram, a Zangon Kumasi, a Garwa, har a Jidda. Wanda ya iya wannan da hannu biyu ba zai kasa na gaba ba.

To amma fa mu gaya wa juna gaskiya. Gaggawa tana cinye mu. Mawaƙi ya shigo bayan isha'i da kari a bakinsa, ya ɗan rera, makaɗi ya lalubo shi a fiyano, ya janyo kiɗan da ya yi wa wani a makon jiya ya ɗan sauya masa riga. A ɗauki murya sau ɗaya, inda ta kauce a ce na'ura za ta gyara, a danna mata har namiji da mace su koma murya guda. Kafin asuba an gama uku. Shi ya sa mai sauraro a cikin adaidaita sahu zai ji waƙa biyar a jere ya ɗauka guda ce ba ta ƙare ba.

Maganin wannan bai kai tsadar da ake zato ba. Kashe fanka kafin a ɗauki murya, ko da gumi zai jiƙe riga. Matsar da janareta nesa, a toshe kafar ƙofa, a jingina katifa a bango. Ka sa mawaƙi ya maimaita baitin har sai ya zauna da kansa, ba da taimakon kwamfuta ba. In ka gama haɗawa, kada ka yarda da manyan sifikun situdiyo kaɗai: saurara a ƙaramar waya, saurara a mota, don a nan jama'a za su ji ta. Kai kuma mai rubutu, Hausa ba ta talauce ba da za ka riƙa juya zuciya da ƙauna da hawaye a kowane ɗango. Je kasuwa ka ji yadda mahauta ke magana, ka zauna kusa da tsofaffin mata ranar suna. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ɗan adam da direba da mai aure waƙa, har yau ana saurare.

Sannan ku buɗe wa kayan kiɗanmu ƙofa. Kalangun da ke cikin fiyano hoto ne kawai. Na gaske ana matse shi a hammata, a sassauta, muryarsa ta hau ta sauka yadda maganar Bahaushe ke yi, shi ya sa masu kiɗan Shata ke iya ba shi amsa da ganga. Ku saurari yadda 'yan amshin Ɗanƙwairo ke karɓa, su ƙara, su miƙa wa juna a kan kotso. Wannan ba a dare ɗaya aka koya ba. Masu gurmi da kukuma da goge suna nan da ransu, matan da suka gaji amada irin ta Barmani Choge ma haka, da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban makirfo mai kyau ba. Ku gayyace su, ku biya su kamar ƙwararru. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu wani abu a nan: suna da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya a Yamai, suna da gasar Ɗan Gurmu a Tawa, kuma marigayi Malam Maman Barka har bakin Tafkin Chadi ya je ya durƙusa ya koyi kiɗan biram don kada ya ɓace.

Sai batun kuɗi, wanda kunya ke hana mu faɗa. "Ai mun zama ɗaya" ta cuci makaɗa da yawa. Waƙa ta yi shekara biyar tana kawo kuɗi a YouTube da Audiomack, wanda ya yi kiɗan an sallame shi tun ranar farko, ko sunansa babu a ƙasan bidiyon. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta san maganar baka da aka yi da tsakar dare ba. Takarda ɗaya ta isa: wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, tashar wa za a ɗora, kashi nawa na kowa. A sa hannu gaban shaida biyu. Wannan ba rashin yarda ba ne, shi ke hana a ɓata bayan waƙa ta karɓu.

Kuɗin siyasa kuwa ban ce ku ƙi ba, manyanmu ma sun yi wa masu mulki waƙa. Sai dai kakarsa sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu. In ta zo, a fitar da na makirfo mai kyau da batir mai riƙe wuta kafin a je wajen dillalin mota.

Ku manyan makaɗa, yaron nan da kuke aike sayo shayi, ku zaunar da shi gaban na'ura ko da awa ɗaya ce a mako. Kuma gobe in wani ya shigo yana cewa a yi sauri, da safe zai saki waƙar, ku dube shi ku ce: "Malam, yi haƙuri, wannan sai jibi. Zauna mu sake ɗaukar amshin."