Tinya da Danginta: Nono Ɗaya, Rabo Daban-daban

Tsarki ya tabbata ga Mahaliccin da ya tara tinya da aguwa da ƙerana da nonon kurciya cikin zuriya guda, alhali ido ba ya ganin kama a tsakaninsu. Masana tsirrai suna kiran wannan zuriya Euphorbia, sun kuma ƙididdige mata nau'i kusan 2,000 a doron ƙasa. Hujjar nasabarsu tana cikin ɗan furensu mai siffar ƙoƙo, da kuma farin nonon nan mai kauri da ke tsattsafowa da zarar an karya reshe, wanda ikon Allah ya sanya shi garkuwa, har dabba ta sunsuna ta juya.

Idan muka matso kusa, sai bambanci ya bayyana. Aguwa ba ta da ƙaya, rassanta masu laushi ne. Manomi ya sare reshe ya kafa a rairayi, ya kama, ya zama shingen gona, a Nijar ma har tsayar da tudun yashi ake yi da ita. Ƙerana kuwa rassanta masu kusurwa ne, ƙayarta biyu-biyu, tana miƙewa ta zama katanga, kamar yadda ake gani a ƙauyukan tsaunin Jos. Tinya ta zaɓi duwatsu: jikinta mulmulalle, ganyenta a can ƙarshen reshe, nononta kuma dafi ne mai ƙuna da kan iya makantar da ido. Ita kanta iri biyu ce masu ruɗa mai kallo, ɗaya da ƙaya guda a kowane gurbi, ɗaya kuma ƙayarta ta ƙanƙance ko babu ita sam.

Sai dai rabonsu a zamaninmu bai zo ɗaya ba, kuma nan ne abin ke sosa zuciya. Nonon kurciya ta cika bakin hanya, aguwa kuma hannun manomi ke yaɗa ta. Amma a tsibirin Madagaska akwai ƙananan nau'o'i waɗanda duk faɗin duniya ba su da mazauni sai ɗan yanki guda, ga gobarar daji da saran itace suna cin wurin, ga masu kwasa suna tumɓuke su domin sayar wa masu sha'awar tukwanen ado a ƙetare. Saboda haka yarjejeniyar CITES, wadda ta soma aiki a 1975, ta sa ido kan cinikin nau'o'in wannan zuriya masu ajiye ruwa a jiki, ta kuma sanya goma na Madagaska a sahun da aka haramta cinikin waɗanda aka ciro daga daji.

Mu ma ya kamata mu yi tadabburi a kan namu. Abin da ya dogara ga dutse ba ya ƙaura idan aka fasa dutsen, ga shi kuwa injinan fasa duwatsu na ta ƙaruwa a gefen garuruwanmu, a irin wuraren da tinya ke tsirowa.